Waya a Hannu, Sabis a Kan Tudu: Halin da Talakan Wasagu Yake Ciki

Wanda duk ya dubi taswirar Jihar Kebbi zai ga ƙasar Zuru ta miƙe can kudu maso gabas, ta kutsa kai tsakanin Jihar Zamfara da Jihar Neja. Idan kuma ya ƙara zura ido cikin ƙasar Zuru ita kanta, zai tarar Wasagu tana cikin garuruwan da suka fi nausawa gabas, wajen kilomita 60 ko fiye daga birnin Zuru, inda tsaunuka da dazuzzuka suka sada yankin da ƙasar Ɗansadau. Sarautu biyar ne suka haɗu suka zama Masarautar Zuru, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, amma a tsarin mulki na zamani an gama Danko da Wasagu cikin ƙaramar hukuma guda mai mazauni a Ribah, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da dubu 260. Dakarkari da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu ke zaune a cikinta, Musulmi da Kirista, galibinsu manoman dawa da masara da wake, ƙasar kuwa ta shahara tun zamanin Turawa da ba da 'ya'yanta ga aikin soja. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, fadar gwamnati ta koma Birnin Kebbi, wadda mutumin Wasagu ba ya isa gare ta sai ya ba da yininsa ga hanya.

A zamanin da ya shige, labari da ƙafa yake tafiya. Sarki ya aiki jakada, mai shela ya zaga gari bayan magariba, fatake su zo da abin da suka jiyo a kasuwannin Kwantagora da Yawuri. Sojan da ke barikin Kaduna ko Inugu kuwa, in yana son iyayensa su san yana nan da rai, sai ya rubuto wasiƙa, ta yi makonni a hanya, a nemi malamin makaranta ya karanta wa gida duka. Daga baya Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, sashen Hausa na BBC ya soma magana a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, har akwatin rediyo ya zama abokin hirar manomi a gindin rumbu. Sai dai duk kafofin nan sun yi tarayya cikin sifa guda: su ke magana, talaka na saurare. Tarho, wanda shi ne zai ba shi damar mayar da jawabi, bai taɓa zama rabon ƙauye ba, domin har ƙarshen shekarar 2000 layukan da NITEL ta shimfiɗa a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, su ma ɗin a manyan birane da ofisoshi.

Al'amarin ya sauya ne a watan Janairu na 2001, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki cikin watan Agusta. Da farko abin na masu hannu da shuni ne, ana sayen layi kaɗai a kan naira dubu 20 ko fiye, kira kuma naira 50 minti guda ko da mutum gaisuwa kawai ya yi ya kashe. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, daga bisani kuma wani kamfani na ƙasar Sin ya cika kasuwa da Tecno da itel masu layi biyu da tocila da rediyo da batir mai kwana da kwanaki, sa'an nan ne waya ta gangaro daga birni ta faɗa aljihun mai garma. Ba kuwa za mu yi wa ni'ima butulci ba. Mai hatsi a Wasagu yakan ji farashin buhun masara a kasuwar Bena tun bai ɗaura kaya ba, matar da naƙuda ta tsananta mata cikin dare akan kira mata mai babur, uwar soja kuma takan ji muryar ɗanta daga Barno ba tare da ta roƙi kowa ya karanta mata ba.

To, amma ita wayar nan tana da sharuɗɗa biyu waɗanda ba ta inganta sai da su, watau wuta da sabis, dukansu biyu kuwa sun yi ƙaranci a wannan yanki. Wanda ke son ya ga sharaɗi na fari da idonsa, ya tsaya a rumfar mai caji ranar kasuwa. Zai ga allon katako an jera masa soket sahu-sahu, igiyoyi sun sarƙe da juna, wayoyi manya da ƙanana a kwance, kowacce an manna mata 'yar takarda mai lamba, an ba mai ita irin lambar ya riƙe, janareto na ruri a bayan rumfa, samari sun cika benci suna jiran a tura musu wa'azi ko waƙa ko fim a memori. Mai cajin nan, in an lura, ma'ajin amanar gari ne, gama a hannunsa ake barin abin da ke ɗauke da asusun mutum da saƙonnin iyalinsa da hotunan matarsa, ba tare da shaida ko rantsuwa ba. Abin mamaki, madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, tana nan maƙwabta a Jihar Neja, wutar Nijeriya kuma tana bin waya ta Birnin Kebbi har ta haskaka Yamai, alhali ƙauyuka da yawa na ƙasar Wasagu fetur suke saye don su cika batir. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin caji ya tashi, masu hali suka koma ga farantan sola, marasa hali suka koyi kashe waya da rana su kunna ta da dare.

Sharaɗi na biyu ya fi wuya, domin wuta mutum na iya nemo ta da kuɗinsa, sabis kuwa ba a sayo shi a kasuwa. Turken sabis yana buƙatar janareto da man dizal da batura da mai gadi, da kuma hanyar da motar mai za ta bi ta kai masa. Kamfani ba ya kafa shi sai inda ya ƙiyasta kati da data za su mayar masa da jarinsa, idan kuwa hanya ta yi hatsari, ko aka sace batura, turken ya yi shiru, ba mai gaggawar zuwa gyara. Shi ya sa a ƙauyukan da ke nesa da titi kusan kowa ya san tudun da ake hawa, ko bishiyar da ake rataye waya a reshenta, a koma gindi a zauna ana jiran ta yi ƙara.

Da a ce waya ta tsaya a matsayinta na farko, na abin jin daɗi da sada zumunci, da babu ƙorafi mai nauyi. Wanda ya samu ya gode, wanda bai samu ba ya yi haƙuri. Amma cikin 'yan shekarun nan hukuma ta riƙa kwashe ƙofofin haƙƙin ɗan ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su cikin waya. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka ce takin gwamnati mai rangwame ta saƙon waya za a sanar da manomi rabonsa. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, daga 2021 kuma ta ce ɗalibi ba ya rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN da layin da zai aika saƙo da shi. A watan Disamba na 2020 ma'aikatar sadarwa, ƙarƙashin Isa Ali Pantami, ta umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a watan Afrilu na 2022 kuma aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba su cika umarnin ba. Mutumin ƙauye ya bar gonarsa, ya biya kuɗin babur, ya je ya yi layi a inda na'urar rajista take, sau da yawa a ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe.

Malaman usulu suna da ƙa'ida sananniya, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Idan hukuma ta wajabta wa talaka waya a sha'anin shaidarsa da kuɗinsa da karatun ɗansa, lalle samar da sabis ya hau kanta, ba kuma alfarma ba ce da za a jira a yi mata godiya. Shari'a da ta wajabta alwala, ai ta yi wa wanda ya rasa ruwa rangwame da taimama. Dokokin da ake tsarawa a Abuja kuwa kan fito ne babu rangwame ko kaɗan ga wanda ya rasa sabis, kamar dai masu tsara su sun ɗauka Nijeriya duka Maitama ce.

Babu inda wannan ya fito fili kamar lokacin canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa ƙarshen Janairu 2023 ya zama wa'adin tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wa'adin nan ya faɗo ne a tsakiyar rani, daidai lokacin da manomi ke fitar da hatsinsa kasuwa, a ƙasar da rassan bankuna suka taru a birnin Zuru, mafi yawan manoma kuma ba su taɓa buɗe asusu ba. Tsofaffin kuɗi aka ƙi karɓa, sababbi ba su zo ba, sai ciniki ya koma tiransifa, tiransifa kuwa ba ta tafiya sai da sabis. Sai ka ga dattijo ya auna dawarsa, an ɗinke buhu, an ɗora a mota, kuɗin kuma an ce an tura su asusun wani yaro mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema, yana ɗaga na'urarsa sama yana juya ta.

"Baba, kuɗin sun fita daga wajensa, amma ba su shigo ba tukuna, sabis ne ke wasa."

"Yaro, ni dawata na ga fitarta da idona. Kuɗin ne ka ce in jira har yaushe?"

In kuɗin sun shigo, sai a yanke naira dubu ɗaya ko dubu biyu a kan kowace dubu goma kafin a ba shi tsaba. In ba su shigo ba, wani lokaci alat ɗin na bogi ne, mai saye ya riga ya yi nisa. Masu tsabar kuɗi a hannu suka riƙa sayen hatsi da dabbobi a farashin da suka ga dama. Malamai suka shiga bahasi, waɗansu na cewa abin da mai POS ke karɓa ujura ce ta aikinsa, waɗansu na cewa a wannan hali ya wuce ujura ya koma sayar da naira da naira. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, sa'an nan aka numfasa. Amma wanda ya karyar da buhunsa a watan Fabrairu, ba wanda ya biya shi diyya. Tun daga lokacin POS ya zauna daram a kasuwannin ƙauye, OPay da Moniepoint suka zama bankin wanda ba shi da banki, gwamnati kuma ta bi sawu da harajin naira 50 a kan kuɗin da ya kai dubu 10, a watan Janairu 2025 NCC ta yarje wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Haraji da ƙarin farashi sun iske kowane ƙauye a kan lokaci.

Sa'an nan ga mas'alar da ta fi kowacce ɗaci, watau tsaro. A farkon watan Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama na Danko/Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. Mako biyu bayan haka aka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Ranar 3 ga Satumba na shekarar, bisa roƙon gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a jihar baki ɗaya, har da turakun jihohin maƙwabta waɗanda ke iya jefa sabis cikinta, Katsina da Sakkwato da Kaduna kuma suka bi sahu a waɗansu ƙananan hukumominsu. Hujjar da aka bayar ita ce ɓarayi da waya suke jin motsin sojoji daga bakin masu kai musu rahoto, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa, wannan kuwa gaskiya ne. Amma da wayar ce kuma mutumin ƙauye guda yake kiran na gaba ya ce an ga babura sun ƙetare rafi, a kwashe mata da yara. Wanda ya rufe sabis ya toshe bakin mai rahoto da na mai gargaɗi a lokaci guda, ɓarawo kuwa yana da babur da zai kai shi inda sabis yake, manomi ba shi da shi. Larura takan halatta abin da aka hana, amma malamai sun ce ana auna ta ne gwargwadonta, ribar da aka ci kuma ya kamata a nuna wa jama'a ita. Abin da mutanen ƙasar Zuru suka gani dai shi ne, a watan Maris 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60, ba a jima ba aka far wa ayarin mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Samaila Yombe, a Kanya.

Haɗa layi da NIN ma da sunan tsaro aka yi shi, aka ce daga nan ba mai neman kuɗin fansa ta waya ya ɓace. Talaka ya sha ranarsa a layi, kiran fansa kuwa bai tsaya ba, har shi ministan da ya kawo tsarin ya koka daga baya cewa ba a amfani da shi yadda ya kamata. Da aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da ke Danko/Wasagu ranar 17 ga Nuwamba 2025, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, Gwamna Nasir Idris da kansa ya faɗa a bainar jama'a cewa an sami labarin sirri tun kafin harin, ya kuma nemi a binciko dalilin janye jami'an da aka girke a wurin. Allah ya sa 'yan matan sun dawo bayan kwana 8. Amma aya ce ga mai lura: labari ya iso, abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a kansa.

Ba hukuma kaɗai ke da laifi ba, mu ma da namu. Saƙon murya a WhatsApp yana zaga ƙauye goma kafin a idar da sallar la'asar, ba a san wanda ya fara faɗa ba, ba a san ranar da aka ɗauke shi ba. Hoton gawarwaki na wata ƙasa ko na shekarun baya a ce jiya ne a Bena ko Waje. A ƙasar da Musulmi da Kirista ke cikin zuriya guda, manomi da makiyayi ke cin kasuwa guda, ƙarya irin wannan takan jawo ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Magabata ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, wane ya ji daga wane, mai gaskiya ne ko mai mantuwa, Suratul Hujurati kuma ta yi umarni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Limamai da fastoci za su yi wa jama'a babban aiki in suka mayar da wannan darasin mumbari, suka koya wa samari cewa wanda ya danna tura shi ma marawaici ne, alhakin abin da ya biyo baya kuwa yana da kaso a ciki.

A fagen zaɓe an ga ɗan haske. Na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a 2023 tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska ba tare da sabis ba, hakan kuwa ya rage aringizon ƙuri'a. Ɗora hoton takardar sakamako a shafin hukumar zaɓe ne ke buƙatar sabis, nan ne kuma aka yi tuntuɓe a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris bai kammalu ba sai da aka sake a waɗansu rumfuna ranar 15 ga Afrilu. Duk da haka, wakilin jam'iyya a rumfar ƙauye yanzu yana ɗaukar hoton sakamako da wayarsa kafin akwati ya hau babur zuwa Ribah, saurayi kuma yana ɗora hoton gadar da ta karye ko ajin da rufinsa ya yaye a Facebook har ɗan majalisa ya ji kunya. Wannan shi ne mayar da jawabin da rediyo bai taɓa ba talaka ba, amma sai wanda ke kusa da turke ne ke samunsa, waɗanda suka fi buƙatar a ji kukansu kuwa su ne suka fi nisa da shi.

Mai karatu na iya cewa kamfani ba gidan sadaka ba ne, ba za a tilasta masa kafa turke inda zai yi hasara ba. Haka ne, kuma doka ta san da haka, shi ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, wanda ake ciyar da shi daga kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC, aikinsa kuwa shi ne kai sabis wuraren da riba ba za ta kai shi ba. A 2025 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ba da sanarwar shirin kafa dubban turaku a karkara. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye. Ashe ke nan ba doka aka rasa ba, ba kuma asusu ba.

Saboda haka muna kira ga sanatan Kebbi ta Kudu, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, su nemi jerin garuruwan da aka ware wa turakun nan, su karanta wa jama'a shi a rediyo da Hausa da Dakarci, kowa ya ji ko sunan ƙauyensa na ciki. Ƙaramar hukuma ta zauna da Sarkin Wasagu da hakimansa su rubuta ƙauyukan da ba su da sabis ɗaya bayan ɗaya, gama masu unguwanni sun san su sarai, ta kuma riƙa kai na'urar rajistar NIN kasuwanni ranar cinsu maimakon tara tsofaffi a Ribah. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a 2027, kafin a karɓi atamfa da taliyarsa, a ce ya ciro wayarsa a nan tsakar ƙauyen ya kira Birnin Kebbi a gaban jama'a.